Furen okid: shukar da ba ta son ƙasa, da yadda ake rainonta a nan Kudu

Wani ɗan unguwarmu ta Katuzu da ke Gashuwa yana aikin gadi a wani gida a Lekki, kuma shi ke ba wa shukokin gidan ruwa. Matar gidan za ta yi tafiya ta bar masa amanar wani fure mai tsada da ke cikin falo. Da ya leƙa tukunyar sai ya ga babu ƙasa ko kaɗan, sai ɓawon itace, ga saiwoyi sun fito waje suna lilo. Tausayi ya kama shi. Ya samo baƙar ƙasa da kashin kaji ya cika tukunyar, ya riƙa shayar da ita safe da yamma. Kafin mako uku ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe. Allah ne ya tsare, da aikin ya tafi.

Ba sakaci ya yi ba. Abin da ya koya a fadamar kogin Yobe ya aikata, inda shinkafa da tattasai da albasa ke son ƙasa mai taki da ruwa. Matsalar ita ce wannan furen, wanda ake kira okid, tsarinsa daban ne. Tun da 'yan uwanmu da yawa a Legas, Ibadan, Fatakwal da Benin suna aikin gadi da lambu, wasu ma suna sayar da furanni a bakin titi, ya kamata mu san shi.

Okid ba fure ɗaya ba ne, dangi ne babba mai nau'i kusan 28,000 a duniya. Har banila da ake sa wa kek da askirim daga 'ya'yan wani okid ake samun ta. Wasu nau'o'in a ƙasa suke tsirowa, amma mafi yawan waɗanda ake sayarwa don ado a kan bishiya suke rayuwa a dajinsu na asali.

Da Bahaushe ya ji an ce shuka a kan bishiya, kauci zai faɗo masa a rai. To akwai bambanci. Kauci yana huda reshe ya tsotsi ruwan bishiyar, har ya raunana ta. Okid kuwa wurin zama kawai yake nema. Yana manne saiwarsa a jikin ɓawo, ya sha ruwan sama da raɓa, ya ci ɗan abin da ya ruɓe na ganye da kashin tsuntsu. Saiwar tana da wata farar fata mai kama da soso, wadda ke zuƙe ruwa nan take, sannan iska ta busar da ita. Ka binne wannan saiwar a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ka toshe mata numfashi ke nan.

Kada a ɗauka furen Turawa ne kawai. Muna da namu. Akwai wanda masana ke kira Ansellia africana, mai fure rawaya da ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa, yana fitowa a kan bishiyoyi a ƙasashen Afirka da dama har da Najeriya. An sa masa sunan John Ansell, Baturen da ya tsinto shi a tsibirin Fanando Po lokacin tafiyar binciken kogin Neja ta 1841. Kakanninmu ma sun san shi: likitan nan Dalziel, a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916, ya rubuta cewa ana ce masa manta-uwa.

A kasuwar furanni kuwa, iri biyu za ka fi gani. Akwai Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye kamar harshen sa da fure mai kama da malam-buɗe-littafi, wanda ake ajiyewa a falo da ofis. Akwai kuma Dendrobium, mai kara gaɓa-gaɓa kamar ƙaramar rake, wanda ya fi jure haske da zafi. Dukkansu asalinsu nahiyar Asiya da tsibiran da ke kusa da ita. Mai koyo ya fara da Dendrobium, ya fi haƙuri.

Ga albishir: yanayin da muke kuka da shi a Kudu, wato zufa da danshi da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, shi ne abin da okid ke so. Baturen Ingila sai ya gina ɗakin gilashi ya hura masa zafi kafin ya samu abin da ke bayan ɗakinka a Agege ko Sabon Ibadan kyauta.

Farko dai tukunya. Nemi mai huji da yawa, a ƙasa da gefe. Tukunyar ƙasa tana da kyau, robar fenti ma ta yi idan ka huda ta da ƙusa mai zafi. A maimakon ƙasa, zuba gawayi gutsi-gutsi kamar girman goro, da ɓawon kwakwa yankakke, da 'yan fasassun kasko. Ɓawon kwakwar a jiƙa shi kwana biyu ko uku ana sauya ruwa, saboda yakan riƙe gishiri. Wanda ke da bishiyar mangwaro a tsakar gida zai iya ɗaure shukar a jikin reshe da tsumma mai laushi, bayan 'yan watanni za ta kama da kanta.

Na biyu ruwa, kuma a nan ne aka fi yin kisa. Kada ka bi kalanda, bi saiwa. Saiwar Phalaenopsis idan ta ƙoshi koriya take, idan ta bushe sai ta koma fari-fari kamar azurfa. Sai ta yi fari za ka ba ta. Ka zuba sosai har ya tsiyaye ta ƙasa, kada ka bar tukunyar zaune cikin faranti mai ruwa. Da safe ake bayarwa. Idan ruwa ya kwanta a tsakiyar ganye inda sabon toho ke fitowa, goge shi da tsumma, domin daga nan ruɓa ke farawa. Ruwan sama ya fi kowanne. Ruwan rijiya mai ɗanɗanon gishiri, irin na unguwannin bakin teku, yana ƙona saiwa.

Na uku haske. Yana son wuri mai haske amma ba ranar tsaka ba. Baranda mai samun hantsi ta wadatar. Ganye shi zai gaya maka: idan ya yi kore shar har ya yi duhu kuma fure ya ƙi fitowa, haske ya yi kaɗan. Idan ya yi tabo kamar ƙuna, rana ta yi yawa. Kada a ajiye shi daidai bakin na'urar sanyaya ɗaki, iskarta busasshiya ce.

Na huɗu taki. Manta da kashin kaji da na shanu. Takin zamani mai narkewa a ruwa ake sa masa, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka rubuta a jikin kwalin, kamar sau biyu a wata. Lokaci-lokaci a wanke tukunyar da ruwa zalla.

Abokan gabansa a Kudu su ne dodon-koɗi, da ke cin saiwa da dare, da wani farin ƙwaro mai kama da auduga da ke laɓewa a gindin ganye. Na farkon a tsince shi da hannu, na biyun a goge shi da ruwan sabulu kaɗan. Idan ka yanke ruɓaɓɓiyar saiwa, yi da sabuwar reza.

Furen Phalaenopsis yakan kai wata biyu zuwa uku kafin ya zube. Da ya zube, mutane da yawa sai su jefar da tukunyar wai ta mutu. Ba ta mutu ba, hutu take. Sanyin dare na 'yan makonni, kamar na lokacin hunturu, yana taimaka mata ta sake fitar da zangarniya. Idan ka ga Oga zai zubar, roƙe shi ya ba ka. Haka wasu suka fara kiwon ba tare da sun kashe ko sisi ba.

Ƙara yawansa ba da iri ake yi a gida ba. Irinsa kamar ƙura yake, babu abinci a cikinsa, sai da taimakon wata fumfuna ta daji ko a ɗakin gwaji yake tsirowa. Abin da za ka iya shi ne raba gindin Dendrobium idan ya cika tukunya, kowane kashi da kara uku ko fiye, ko ka cire ɗan da ya tsiro a jikin kara bayan ya yi saiwarsa.

Sai gargaɗi. Za ka ga masu kawo okid da aka ɓamɓaro daga daji suna sayarwa da araha. Wannan na cikin abin da ke ƙarar da irin namu na gida, kuma galibi ba ya daɗewa a hannu. Sannan duk dangin okid suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, wadda Najeriya ke ciki, don haka ketare iyaka da shi ba takarda laifi ne. Mai zuwa Kwatano ko Kamaru ya kiyaye.

To, za a iya kai shi gida tsaraba? Gaskiya da wuya. A Gashuwa da Nguru zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, damina ba ta fi wata uku zuwa huɗu ba, iskar hunturu kuma tana tsage leɓen mutum balle saiwar da ke waje. Wanda ya nace sai ya ajiye shi a inuwa mai kauri kusa da randa, ya rataya jiƙaƙƙen buhu a gefe, ya riƙa yayyafa wa saiwar ruwa kullum da safe. Ko da hakan, sai an yi sa'a.

Ga mutanen gida, shawarata ita ce ƙariya, wadda masana ke kira Adenium obesum. Tamu ce ta Sahel, tana yin fure ja-ja a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, kuma masu sha'awar furanni har a Tailan suna kiwonta a tukwane suna sayarwa. A dai kiyaye yara da awaki, domin ruwanta guba ne. Ita kuma idan ka kawo ta Legas, yawan ruwan sama ne zai ruɓar da ita, sai ka sa ta a yashi ƙarƙashin rumfa.

Shi kuwa ɗan Katuzun namu, yanzu yana da tukwane huɗu a bayan ɗakin gadi, duk daga waɗanda aka yi niyyar zubarwa. Wanda ke da irin wannan amana a hannunsa, yau ɗin nan ya leƙa tukunyar ya duba launin saiwa kafin ya ɗauki bokiti.