BIM: Yadda ake kammala gini a kwamfuta kafin a haƙa harsashinsa

Duk wanda ya taɓa ba da aikin ginin bene, ko na shaguna ne a bakin kasuwa ko na ofisoshin gwamnati, ya san ranar da mai aikin famfo yake isowa da guduma. An zuba kankare ya bushe, an yi filasta, sai a gano cewa bututun ban-ɗaki ba shi da hanyar wucewa sai ta tsakiyar ginshiƙin da ke ɗauke da nauyin bene. Ko a fasa ginshiƙin a raunana ginin, ko a karkatar da bututun ya fito a fili ya ɓata tsarin ɗakin. Kowanne aka zaɓa, mai ginin ne zai biya.

Sau da yawa babu wanda ya yi kuskure a kan takardarsa. Zanen mai tsara gini daidai yake, lissafin injiniya daidai yake, haka ma zanen mai wayarin. Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa ɗora zane-zanen a kan juna ya ga ko za su zauna tare. Wannan giɓi ne tsarin da ake kira BIM a taƙaice ya zo ya cike, wato siffanta gini a kwamfuta tare da dukkan bayanansa. (Kada a haɗa shi da “bim” ɗin da birkiloli ke nufi idan suna maganar kankaren da ke kwance a kan fila, suna ne kawai ya zo ɗaya.)

A zanen da aka saba, bango layi biyu ne a kan takarda. A wannan tsari kuwa, kowane ɓangare na gini abu ne mai ɗauke da bayanin kansa: bango ya san tsawonsa da kaurinsa da irin bulon da za a yi shi da shi, ƙofa ta san faɗinta da kamfanin da ya ƙera ta da tsawon lokacin da za ta iya jure wuta. Idan aka matsar da bangon da rabin mita, duk zane-zanen da ya shafa suna gyara kansu, adadin bulo da siminti a lissafin kayan aiki ma ya canja. Idan aka haɗa siffar da jadawalin aiki, ana iya kallon yadda ginin zai tashi mako bayan mako. Idan aka haɗa ta da farashi, a ga nawa kowane canji zai ci kafin a amince da shi.

Tunanin ya tsufa. Tun a 1975 wani masani Ba’amurke, Charles Eastman, ya yi rubutu a kan amfani da kwamfuta a madadin zanen takarda wajen tsara gini. A shekarun 1980 wani kamfani a ƙasar Hungary ya fito da manhajar ArchiCAD, sannan Revit ta bayyana a shekarar 2000, kamfanin Autodesk ya saye ta a 2002. Abin da ya ja hankalin gwamnatoci shi ne kuɗi. A 2004 cibiyar kula da ma’auni da fasaha ta Amurka, NIST, ta ƙiyasta cewa rashin daidaituwar bayanai tsakanin masu ruwa da tsaki a manyan gine-ginen ƙasar yana jawo asarar dala biliyan 15.8 a shekara, kuma kusan kashi biyu bisa uku na asarar yana faɗawa ne a kan masu gine-ginen da masu tafiyar da su.

Gwamnatin Birtaniya ce ta fi kowa yin tasiri a wannan fanni. A 2011 ta sanar da cewa daga watan Afrilun 2016 duk aikin gini da gwamnatin tsakiya ta bayar dole a yi shi da wannan tsari, da burin rage tsadar ayyukanta da har kashi 20 cikin 100. Ƙa’idojin da ta rubuta domin haka su ne suka zama tushen ma’aunin duniya mai lamba ISO 19650, wanda kashinsa na ɗaya da na biyu suka fito a Disambar 2018.

Abin da ma’aunin ya fi damuwa da shi

Wanda ya buɗe wannan ma’auni yana neman koyon zane a kwamfuta zai sha mamaki, domin kusan duk maganarsa a kan shugabanci ce: wa zai samar da wane bayani, yaushe, wa zai duba shi, wa zai sa hannu. Aikin yana farawa ne daga mai ba da kwangila. Shi ne zai rubuta takardar buƙatunsa, ya fayyace bayanan da yake so a kowane mataki da kuma dalilin son su. Masu neman kwangilar sai su amsa da takardar tsarin aiwatarwa, inda za su nuna manhajar da za su yi amfani da ita, da mutanen da za su riƙe aikin, da ranakun miƙa kowane kashi. A nan ne ayyuka da yawa suke karyewa tun kafin a fara. Mai ba da aikin da ya rubuta “a yi amfani da BIM” a layi ɗaya ya yi shiru, zai karɓi kyakkyawan hoton gini mai juyawa a allon kwamfuta, wanda ba zai amfane shi da komai ba ranar da famfo ya fashe.

Zuciyar tsarin ita ce rumbun bayanai na bai ɗaya, wuri guda a intanet inda kowane zane da kowace takarda ta aikin take zaune. A cikinsa kowane fayil yana da matsayi. Akwai wanda ake kan aikinsa, wanda masu shi kaɗai ke gani. Idan shugaban sashen ya duba ya gamsu, sai a ɗaga shi zuwa matsayin wanda aka raba wa sauran sassa domin su daidaita nasu da shi, amma har yanzu ba a yarda a yi gini da shi ba. Sai bayan wakilin mai aikin ya amince ne zai zama tabbatacce, wanda za a iya miƙa wa magina. Tsofaffin kwafi kuma ba a share su, ana ajiye su da sunan wanda ya canja su da ranar canjin.

Ma’aikacin gwamnati zai gane wannan da wuri, domin tafiyar fayil ce daga tebur zuwa tebur, kowane jami’i ya yi sharhi ya sa hannu. Bambancin shi ne wannan fayil ba ya ɓata a hanya, kuma ba a iya zare shafi daga cikinsa ba tare da an bar sawu ba. Amfaninsa ya fi fitowa fili idan aka tuna yadda zane ke yawo a wuraren aiki a yau: injiniya ya tura gyara ta WhatsApp, ɗan kwangila ya gani, mai ɗaura rodi kuwa yana nan riƙe da kwafin watan jiya.

Sai kuma binciken cin karo. Lokaci zuwa lokaci, sau da yawa duk mako ko mako biyu, mai kula da daidaita bayanai yakan haɗa siffar mai tsara gini da ta injiniyan ƙarfin gini da ta masu lantarki da famfo da na’urar sanyaya ɗaki, ya sa manhaja ta nemo duk inda abu biyu suka mamaye wuri guda. A babban aiki sakamakon farko kan fito da ɗaruruwa ko dubban wurare. Manhajar ba ta san wanne ne mai haɗari ba, ba ta kuma iya yanke hukuncin wanda zai matsa wa wani. Mutane ne za su zauna su tace, su ɗora wa kowane sashe nasa, su sa ranar gyara. Idan babu wanda ke da ikon tilasta wa sassan su gyara, rahoton zai zama tarin takarda kawai.

Abin da ya faru a ƙarƙashin Landan

Aikin da aka fi kafa misali da shi shi ne layin dogon Crossrail, wanda yanzu ake kira layin Elizabeth. An fara shi a 2009, aka haƙa ramuka masu tsawon kilomita 42 a ƙarƙashin birnin Landan da manyan injinan haƙa guda takwas, aka gina sababbin tashoshi goma. Ƙasan Landan cike yake da tsofaffin layukan jirgi da magudanan ruwa da harsasan dogayen gine-gine. A tashar Tottenham Court Road, injin haƙan ya wuce ne ta saman wani layin jirgi da ke aiki da tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa da ƙiyasin ido.

Hukumar aikin ta wajabta wa dukkan ’yan kwangilarta amfani da rumbun bayanai guda da tsarin sanya wa fayil suna iri ɗaya. Da ta ga cewa umarni kaɗai ba zai wadatar ba, a 2012 ta buɗe cibiyar horarwa tare da kamfanin manhaja na Bentley, domin koya wa ma’aikatan ’yan kwangilar yadda za su shigar da bayanai. An kammala haƙar ramukan a 2015.

Duk da haka aikin bai tsira daga jinkiri ba. An tsara buɗe layin a Disambar 2018, amma saura ’yan watanni aka sanar da ɗagewa, bai fara ɗaukar fasinja ba sai ranar 24 ga Mayun 2022, tashar Bond Street ma sai a Oktoban shekarar. Kuɗin ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa kusan biliyan 19. Daga cikin manyan dalilan akwai wahalar haɗa manhajar sababbin jiragen da tsarin sigina iri uku da layin ke bi ta cikinsu, da tashoshin da ba a gama ba. Ofishin binciken kuɗi na Birtaniya ya kuma soki shugabannin aikin da riƙe ranar buɗewa da ba za ta yiwu ba. Siffar kwamfuta ta iya nuna inda kowane bututu yake, amma ba ta hana shugabanni ci gaba da faɗar ranar da suke fata ba. Masu tallar manhaja ba su cika son a tsaya a wannan ɓangare na labarin ba.

Bayan an miƙa mabuɗi

Gini yakan ɗauki shekara biyu ko uku ana yin sa, sannan ya yi shekara hamsin ko fiye ana amfani da shi, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ake kashe kuɗi masu yawa wajen gyara da kulawa. Saboda haka ma’aunin ya tanadi cewa a ƙarshen aiki a miƙa wa mai ginin siffar abin da aka gina a zahiri, tare da bayanin kowace na’ura da lokacin da ya kamata a duba ta. Muhimmancin wannan ya bayyana ta hanya mai ciwo bayan gobarar dogon ginin Grenfell a Landan ranar 14 ga Yunin 2017, wadda ta hallaka mutum 72. Rahoton da Judith Hackitt ta gabatar a 2018 ya nuna yadda bayanan dogayen gine-gine kan ɓace ko su kasance ba cikakku ba tsakanin magina da masu kula da su. Dokar tsaron gine-gine ta 2022 ta wajabta adana waɗannan bayanai ta hanyar kwamfuta ga dogayen gidajen zama masu haɗari, tun daga zane har tsawon rayuwar ginin.

A Najeriya, Kundin Ƙa’idojin Gini na Ƙasa na 2006 da dokar ba da kwangila ta 2007 wadda ta kafa hukumar BPP duk sun riga wannan tsari yaɗuwa, don haka nauyin yana kan mai ba da aiki ya rubuta shi a cikin sharuɗɗan kwangilarsa. Ga ma’aikatun ayyuka, babbar fa’idar tana wajen neman ƙarin kuɗin kwangila: idan adadin kankare da rodi daga siffar ginin aka ciro shi, kuma kowane canji yana ɗauke da sunan wanda ya amince da shi, mai binciken kuɗi yana da abin da zai bi. Wataƙila wannan kansa ya isa ya sa wasu su ƙi maraba da tsarin.

Akwai kuma cikas na gaskiya. Lasisin manyan manhajojin da kuɗin waje ake biyan sa duk shekara, suna buƙatar kwamfuta mai ƙarfi da wutar lantarki da intanet mai ɗorewa, kuma kuɗin ƙwararru yana ƙaruwa a farkon aiki, lokacin da mai gini ya fi ƙosawa ya ga bulo a ƙasa. Tsarin ba ya kuma maganin ha’inci. Idan siffar ta ce rodi mai kaurin milimita 16, aka ɗaura mai 12 da daddare, injiniyan da ke tsaye a wurin aiki ne kaɗai zai kama, shi ya sa rajistar ƙwararru a hukumomi irin su COREN da ARCON da CORBON take nan da muhimmancinta.

Ɗan kasuwar da zai gina gidan zama mai ɗaki huɗu ba ya buƙatar duk wannan tsari. Mai gina rukunin shaguna hawa uku ko otal ko asibiti kuwa, inda famfo da lantarki da na’urorin sanyaya ɗaki suke cunkushe a rufi ɗaya, yana da dalilin tambayar mai tsara gininsa ko an haɗa zane-zanen sassan an bincika cin karo kafin a zuba kankare, da kuma sunan mutumin da alhakin hakan ke wuyansa. Ya kamata kuma kwangilar ta fayyace wanda zai mallaki fayilolin bayan an gama, ta kuma buƙaci a ba shi kwafi a tsarin IFC, wanda manhajoji daban-daban ke iya buɗewa, har da na kyauta irin su FreeCAD. In ba haka ba, ranar da ya tashi ƙara hawa ɗaya bayan shekara goma, bayanan harsashin gininsa suna iya kasancewa a kwamfutar wani kamfani da ya daɗe da rufewa.