Tsohon Ogan: A San Ƙirarsa Kafin A Sayar

A ɗakunan ajiya na makarantu da gidajen tsofaffin makaɗa, daga Nima zuwa Kumasi da Tamale, akan tarar da tsohon ogan mai aiki da lantarki ƙura ta rufe shi. Sau da yawa masu shi kan miƙa wa 'yan gwangwan a kuɗin ƙarfe, alhali wasu daga cikin kayan nan ana neman su ido rufe a Turai da Amurka. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana kan dami. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda ake gane irinsu.

Da farko a duba baya ko ƙarƙashin akwatin. Akwai ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunan kamfani, da ƙirar, da lambarsa, da ƙarfin wutar da yake sha. In allon ya ɓace, sai a koma ga siffa.

Idan ogan ɗin na katako ne mai nauyin gaske, ga jeri biyu na haƙoran dannawa, ga kuma 'yan sanduna da ake ja a sama don sauya murya, to mai yiwuwa Hammond ne, wanda aka fara sayarwa a Amurka a 1935. Manyansa, wato B-3 da C-3, suna da haƙora 61 a kowane jeri, ban da wasu 12 a hagu masu launi a juye. Cikinsu ɗaya ne. B-3 yana tsaye kan ƙafafu huɗu, shi kuwa C-3 katako ya rufe gefunansa har ƙasa. Ƙananan, irin su M-3 da L-100, haƙora 44 gare su a jeri.

Idan kuwa mara nauyi ne mai ƙafafun ƙarfe da ake kwancewa, a dubi launi. Vox Continental na Ingila, wanda ya fito a 1962, manyan haƙoransa baƙaƙe ne, ƙananan farare, samansa ja. Farfisa Compact na Italiya, na 1964, 'yan maɓallai masu launi ake dannawa a sauya muryarsa. Yamaha na Japan masu ɗaukuwa lambarsu kan fara da YC.

Ƙaramin suna ma ba abin raini ba ne. Da ogan ƙirar Orla na Italiya Mamman Sani na Nijar ya naɗi kaset ɗinsa a 1978. Shekara da shekaru gidajen rediyo da talabijin na ƙasar suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi, duniya ta ji.

Sanin ƙirar yana kuma hana ɓarna. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka ogan da aka yi domin can, in aka jona shi kai tsaye, ƙonewa zai yi. Har ila yau, tsohon Hammond yana samar da sauti ne ta wasu ƙananan faya-fayen ƙarfe da mota ke juyawa. Wutar Amurka tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50, shi ya sa ko an rage masa wuta da taransifoma, muryarsa za ta sauka ƙasa da yadda ya kamata. Faya-fayen nan suna bukatar mai na musamman sau ɗaya a shekara, kuma kunna wanda ya bushe yana lalata shi.

Shawararmu ga shugabannin makarantu da magada ita ce: kada a kunna, kada a goge lambar, kada a karɓi tayin farko. A kwafe abin da ke jikin allon, a ƙirga haƙoran, a ɗauki hoto, sannan a kai wa tsohon mai gyaran rediyo wanda ya san aikin bawul ya duba. Bayan haka ne za a san ko na gyara ne don yara su koya, ko na sayarwa da daraja.