Kafin a sayi tsohuwar azurfa, a fito da waya

Kafin zuwan salula, agogon aljihu da battar azurfa na cikin kayan ƙawar manya. Yau idan aka tallata wa mutum irinsu a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tambayar ɗaya ce: azurfa ce ko shafe?

Kyamarar waya tana zuƙo hatimin da ke cikin murfi. Lamba 925 na nufin kashi 92.5 cikin 100 azurfa ce, tsofaffin kayan Ingila kuwa ɗan hoton zaki gare su. Inda aka ga EPNS, shafe ne kawai.

Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma tagulla ma ba ya kama ta, don haka gwajinsa kaɗai bai isa a biya kuɗi ba. Kuma a nisanta shi da injin agogo, yana rikita masa lokaci.