YAƘI BISA TEBUR: WASAN MAGIDANTAN TURAI DA ƳAN SOJOJIN DALMA

Wanda ya shiga gidan wani ma'aikaci a Ingila ko Faransa ranar asabar da marece, yana iya tarar da abin da zai ɗaure masa kai. Magidanta uku ko huɗu, wani har da furfura, sun kewaye tebur, sun sunkuya kamar masu tsintar tsakuwa cikin shinkafa. Bisa teburin an shimfiɗa koren ƙyalle, an tada tuddai da soso, an ja gulbi da shuɗin tsumma, ga ƴan itatuwa, ga ƴan gidaje na kwali. Tsakanin waɗannan kuwa sojoji ne jere sahu-sahu, kowanensu bai wuce gaɓar ɗan yatsa ba, waɗansu bisa dawaki, waɗansu suna jan igwa. Ɗaya daga cikin mutanen yana riƙe da igiyar awo irin ta tela, ɗaya yana kaɗa ƙwayoyi masu fuska shida irin na wasan lido, ɗaya kuma yana buɗe littafi yana neman hujja. Yaran gidan sun daɗe da barci. Wannan wasan na manya ne, Faransawa suna ce masa « jeu de figurines », mu kuwa a nan za mu kira shi yaƙin tebur.

Mai karatu zai ce: mine ne ribar babban mutum ya zauna yana tura ƴan gumaka? Tambayar ta dace, su kansu matan gidan sun sha yin ta. Amma kafin a yanke hukunci, sai a ji inda abin ya samo asali.

Tushensa yana ƙasar Jamus. A shekarar 1780 wani malamin lissafi mai suna Johann Hellwig ya ɗauki wasan « échecs », wato darar Turawa, ya faɗaɗa allon har ya kai gida 1.617, ya sa masa duwatsu da gulabe da dazuzzuka, domin yaran fada su koyi dabarun yaƙi. Daga baya wani bafaden ƙasar Farusiya, von Reisswitz, ya ga cewa yaƙi na gaskiya ba ya bin gidajen allo, sai ya watsar da su, ya ƙera tebur mai kama da ƙasa, ya miƙa wa sarki a shekarar 1812. Ɗansa, hafsa ne na sojojin igwa, shi ya kammala aikin a 1824. Ya mai da wasan bisa taswira ta gaskiya, ya raba rundunoni biyu, ja da shuɗi, ya ce kowane motsi daidai yake da minti biyu na fagen fama. Sa'an nan ya kawo abu biyu da har yau ba a rabu da su ba a wannan fanni: ƙwaya, domin harsashi ba kullum yake samun wanda aka auna ba, da alƙali, wanda shi kaɗai ke ganin inda kowa ya ɓoye mutanensa. Da aka gwada wasan gaban babban hafsan hafsoshi, janar von Müffling, sai ya yarda cewa wannan makaranta ce, ya ba da shawara a koya wa hafsoshi. Sunansa da Jamusanci Kriegsspiel, ma'ana wasan yaƙi. Bayan da Farusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sauran ƙasashe suka shiga kwaikwayonsa, har Ingila da Amurka.

Ke nan farkonsa aikin bariki ne. Wanda ya fitar da shi daga bariki ya kawo shi ɗaki, marubuci ne na Ingila, H. G. Wells. A wannan zamani kamfanin Britains ya riga ya gano, tun 1893, dabarar zuba sojojin dalma masu rami a ciki, suka yi araha, kowane gida mai ɗan hali yana da su. Wells da abokansa suka riƙa jera su ƙasa, suna harbin su da wata ƴar igwa ta wasa mai tofar da tsinken katako. Da gardama ta yi yawa, suka ga babu makawa sai an rubuta ƙa'ida. A 1913 ya buga littafinsa mai suna Little Wars, wato ƙananan yaƙe-yaƙe. A ciki ya ƙayyade cewa dakare yana tafiyar ƙafa ɗaya ta awon Ingila, kimanin santimita 30, barde kuwa ninkin haka. Abin lura shi ne, a ƙarshen littafin ya nuna cewa wanda ya yi wannan wasa sau uku ko huɗu, ya ga yadda umurni ke ruɗewa, da yadda runduna ke ƙarewa a banza, zai gane irin wautar da ke cikin babban yaƙi. Shekara ɗaya bayan haka yaƙin duniya na farko ya ɓarke. Sarakunan Turai ba su karanta shi ba, ko kuwa sun karanta ba su ji ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne wasan ya sami jama'a. A Amurka, Jack Scruby ya fara zuba ƙananan sojoji musamman domin masu wasa, ya kuma kafa mujallarsu a 1957. A Ingila, Donald Featherstone, wanda ya yi yaƙin da kansa cikin rundunar motoci masu sulke, ya buga littafin War Games a 1962, littafin da ya koya wa dubban mutane yadda ake shirya fage a tebur na cin abinci. Wajen wannan lokaci kamfanin Airfix ya fito da sojojin roba cikin kwali, da kuɗin da ɗan makaranta ke iya tarawa. Daga baya wani reshe ya tsiro, na dodanni da mayaƙan tatsuniya: kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975, ya fito da Warhammer a 1983, da Warhammer 40,000 a 1987. Hedikwatarsa tana birnin Notingam, yana da kantuna fiye da ɗari biyar a duniya, kuma a ƙarshen 2024 ya shiga sahun manyan kamfanoni ɗari na kasuwar hannun jari ta Landan. Abin da ake kira wasan yara ke nan.

To, yaya ake yin sa? Masu wasan suna cewa kafin a buga yaƙi na awa uku, an yi aikin wata uku. Sojojin ba sa zuwa da launi. Ana sayen su tsirara, na ƙarfe ko na roba, yau har akwai injin da ke ɗab'a su a gida daga kwamfuta. Tsawonsu da milimita ake faɗi: 28 shi ne aka fi so, akwai 15, akwai ma 6, wanda bai fi ƙwayar shinkafa ba. Mai shi zai zauna dare-dare da fitila, da buroshi mai bakin allura, ya shafa wa kowane soja riga da wando da ɗamara, har maɓallai. In rundunar Napoliyon yake haɗawa, dole ya binciki littattafai ya san launin kwalar kowace ƙungiya, don in ya yi kure abokansa ba za su raga masa ba. Nan ne mutum ke shiga tarihi ba tare da ya yi niyya ba. Wanda ya shafe wata yana yi wa mutum ɗari fenti, sai ya so sanin inda suka fito, me suka ci a hanya, wa ya jagorance su, me ya sa suka gudu.

Ranar wasa, mai gida ya kawar da kwanoni daga tebur. Fagen da aka saba da shi santimita 180 ne a tsawo, 120 a faɗi. Ana yarjejeniya tun farko: wane yaƙi za a buga, wa ya riƙe tudu, wa ya zo ƙwatar gada, sau nawa za a yi motsi kafin a ce rana ta faɗi. Kowa ya motsa mutanensa da awo, ba da ganin ido ba. In an zo harbi sai ƙwaya ta yi magana. Misali: sojoji ishirin sun buɗe wuta, a jefa ƙwaya ishirin, ƙa'ida ta ce huɗu, biyar ko shida ne suka samu, wato rabi, sai a sa ran goma. In abokan gaba suna bayan katanga, sai biyar ko shida kaɗai, wato kashi ɗaya cikin uku. Sa'an nan a gwada ƙarfin zuciyar waɗanda suka rage, domin runduna ba ta jira a ƙare ta kafin ta watse. Ba a sa kuɗi, ba a cin kowa ko dala, saboda haka ba caca ba ce. Ƙwayar tana tsaye ne a madadin ruwan sama da ya jiƙa albarushi, da manzon da ya ɓace da takarda, da dokin da ya yi tutsu.

Mai wasan dara ya san wani abu daga cikin wannan daɗi: zama da aboki, shirun tunani, da ba'ar da ke biyo bayan ci. Bambancin shi ne, ƙa'idar dara a kan kowa take, gajera ce, ba ta da gardama sosai. Ta yaƙin tebur kuwa littafi ce, wani lokaci shafi ɗari biyu, kuma babu littafin da ya taɓa hango duk abin da ka iya faruwa. Shin wannan soja yana ganin wancan ta tsakanin itatuwa? Awon ya kai, ko saura ƙiris? Yawancin gidaje ba su da alƙali. Dole mutum ya yarda da awon abokin gabansa, ya kuma faɗi gaskiya ko da ita za ta kashe masa barade. Galibin littattafan suna ba da shawara ɗaya: in an kasa jituwa, a jefa ƙwaya a wuce, a yi gardamar bayan an tashi. Mai ƙara rabin santimita a ɓoye ba a kai shi ƙara ko'ina, sai dai asabar mai zuwa ba a kira shi ba. A ganinmu wannan shi ne ƙashin bayan wasan, ya fi fentin, ya fi tarihin. Mutane ne da aiki ya raba su duk mako, suka sami dalilin haɗuwa ido da ido, da shayi a gefe, ba kowa da wayarsa ba.

Amma fa akwai inda ɗan Afirka zai tsaya ya yi tunani. Ba Waterlo ta 1815 kaɗai ake bugawa ba, ko yaƙe-yaƙen Rumawa. Akwai babban reshe na yaƙe-yaƙen mulkin mallaka, da littattafan ƙa'idarsa, kamar The Sword and the Flame na Larry Brom, wanda ya fito a 1979. Ana zuba Zulu da garkuwoyinsu, ana zuba mayaƙan Mahadi na Sudan da jibbobinsu masu faci. Ana sake buga Isandilwana, inda Zulu suka murƙushe rundunar Ingila a 1879, ana buga Omdurman ta 1898, inda bindigogi masu ruwa suka kashe mutanen Halifa kimanin dubu goma ko fiye, alhali matattun rundunar Kitchener ba su kai hamsin ba. Masu wasan kansu suna muhawara a kan wannan: ya halatta a yi nishaɗi da irin wannan rana? Waɗansu sun ƙi taɓa ta. Waɗansu suna cewa a tebur ne suka fara sanin cewa mutanen nan suna da sarakuna da tsari da dabara, kuma wanda ya riƙe ɓangaren Zulu yana ƙoƙarin ci ne da gaske, yakan kuma ci.

Duka biyun suna da abin faɗi. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, lambobin da ke cikin littafin ƙa'ida ba daga sama suka sauko ba. Mutum ne ya zauna ya ce wannan soja darajarsa kaza, wancan yana gudu in an jefa ƙasa da uku. In daga rahoton hafsan da ya ci yaƙin kaɗai ya ɗauko labarinsa, to ra'ayin hafsan ne zai riƙa fitowa daga ƙwaya, masu wasa kuwa su ɗauka sa'a ce. Babu abin da zai hana a shimfiɗa Lugu ta 1899 bisa tebur, inda Sarauniya Mangu ta tari ayarin Voulet da Chanoine, ko Kuseri ta 1900, inda Rabe da kwamandan Lamy suka faɗi rana ɗaya. Sai dai wanda zai rubuta ƙa'idar dole ya amsa tambayoyi masu wuya: nisan da kibiya ke kaiwa, abin da lifidi ke tarewa da wanda ba ya tarewa, yawan ruwan da doki ke bukata tsakanin rijiya da rijiya, da abin da ke sa mutanen gari su janye cikin kurmi maimakon su tsaya a fili. Amsoshin waɗansu suna cikin takardun Faransawa, na waɗansu kuwa suna bakin tsofaffi da maroƙa, kuma ba kullum suke jituwa ba. Sa'an nan akwai abin da ayarin Voulet ya aikata a garuruwan da ya ratsa, irin su Birnin Ƙonni, wanda babu wata ƙwaya da ta isa ta wakilce shi, ba kuwa abin wasa ba ne.

Ga mai sha'awar gwadawa, tsada ita ce babban shinge, domin rundunar Warhammer guda tana iya cinye albashi. Amma tsofaffin ƴan wasan ba da kuɗi suka fara ba. Akwai ƙa'idar da ake kira De Bellis Antiquitatis, ta 1990, wadda ta taƙaita kowace runduna ga ƙungiya 12, fagen santimita 60 kowane gefe, ƙwaya ɗaya ga kowane mutum, a gama cikin awa guda. Sojojin ana iya zana su a kwali a yanke, a kafa su bisa marufan kwalba. Tudu kuwa, littafi biyu ƙarƙashin zane sun isa, da littattafai ne Wells da abokansa suka yi tuddansu kafin su sami katako.