Pokhara, Inda Baƙo Ke Sayen Tsoro da Kuɗinsa

Garin Pokhara na ƙasar Nefal, kimanin kilomita 200 yamma da Katmandu, yana kwance ne a bakin tafkin Phewa, duwatsun Annapurna kuma sun yi masa rumfa ta arewa. Idan gari ya waye sararin sama tas, sai ka ga ƙanƙarar kan duwatsun a cikin ruwan kamar a madubi. Wannan ne ke janyo baƙi daga Turai, Indiya da Sin.

Safiyar Asabar, ranar hutunsu, ita ce lokacin ganin mutanen gari. Mata sanye da jajayen tufafi, riƙe da faranti mai furanni da shinkafa da turare, suna shiga ƙananan kwalekwale masu fenti kala-kala da ake kira dunga. Tsibirin tsakiyar tafki suka nufa, inda wurin bautar Hindu na Tal Barahi yake. Suna dawowa za ka ga jan ɗigo a goshin kowa. Da kwalekwalen nan ne kuma ake yawo da 'yan yawon buɗe ido.

Harkar baƙi kuwa a sama take. Tudun Sarangkot, mai tsayin kusan mita 1,600, shi ya yi suna wajen tashi da lema. Za a ɗaure ka da ɗamara a gaban matuƙi, a shimfiɗa lemar a bayanku, ya ce ka ruga kada ka tsaya. Taku kaɗan sai ka ji ƙafarka tana shurin iska. Kusan rabin awa za ku yi kuna shawagi tare da ungulaye da shirwa, gonakin shinkafa hawa-hawa a ƙarƙashinku, kafin ku dira a bakin ruwa. Wani ya sauka yana ihun murna, wani cikinsa ya juya. Akwai masu tuƙa jirgin roba a kogin Seti, akwai masu tafiyar ƙafa ta kwanaki cikin duwatsu.

A ganina duk wannan wasan yara ne idan aka gwada shi da ɗiban zuman ƙabilar Gurung a ƙauyukan Lamjung da Kaski. Mu nan amya muke ɗaurawa a kan bishiya. Su ƙudan zumarsu manya ne, a jikin dutse mai sulɓi suke kafa saƙa. Sau biyu a shekara ake fita. Ba a taɓa komai sai an yi yanka, an miƙa shinkafa da furanni don neman yardar abin da suka yi imani yana tsaron dutsen. Daga nan a zuro tsanin da aka tufka da zaren gora daga ƙololuwa, a hura hayaƙi daga ƙasa. Dattijo ɗaya zai sauko yana reto, da doguwar sanda a hannu yana yankar saƙa, kwando na tare ta, ƙudan na ta harbinsa. Abin da aka samu rabawa ake yi a ƙauye. Yanzu har baƙi na biya don su kalla.

'Yan ƙabilar Gurung ba baƙin haɗari ba ne, domin daga cikinsu aka daɗe ana ɗaukar sojojin Gurkha na Ingila da Indiya. Duk da haka akwai inda suka ja layi. Dutsen Machhapuchhre, wato Wutsiyar Kifi, mai tsayin mita 6,993, mai tsarki ne a wurinsu. A 1957 wata tawagar Turawan Ingila ta hau shi, saura ƙiris su kai ƙarshe suka juyo, kuma har yau hukuma ba ta ba da izinin hawansa.

Idan Allah Ya kai ka Pokhara, haɗa tafukan hannunka ka ce namaste, ka cire takalmi kafin shiga gida, ka ci dal bhat, wato shinkafa da miyar ƙananan wake, da hannun dama. Kada ka nemi naman sa, don doka ta hana yanka saniya a Nefal.