Ɗaurin Fatsa da Mamari a Bakin Kogin Kaduna

Su da ƙugiya shi ne mafi sauƙin kaya a cikin hanyoyin kamun kifi na Hausawa, amma ba shi ne mafi sauƙin koyo ba. A gaɓar arewa ta Kogin Kaduna, daga Rafin Guza zuwa Malali da Unguwar Rimi da Kabala, masunta suna amfani da shi tare da birgi da kalli. Kogin ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa birnin, ya wuce madatsar Shiroro kafin ya faɗa Kwara. Da damina yakan cika ya yi ja, da rani kuma ya ja baya har duwatsu su fito, kuma kowane lokaci da irin ɗaurin da ya dace da shi.

Fatsa ita ce ƙugiya ɗaya a bakin zare, a ɗaure jikin sanda. A da maƙera ke ƙera ƙugiyar, a murza zaren daga rama. Yanzu ƙugiyar kanti da zaren roba sun maye gurbinsu. Ana naɗa zaren a wuyan ƙugiya zagaye da yawa kafin a zarge, don kada babban kifi ya fizge. Sama kaɗan a maƙala 'yar dalma, can sama kuma a ɗaura abin da zai yi iyo, guntun kara ko yankin tsohon silifa. Nitsewarsa ita ce alamar kifi ya ci.

Gwanintar tana wurin abin da ake soka wa ƙugiya. Tarwaɗa kifin ƙasan ruwa ce, da ƙanshi take farauta, saboda haka tana da hanjin kaza suna jawo ta, har ma da guntun sabulu. Karfasa takan ci tana ko curin tuwo. Tsage kuwa, mai haƙora kamar zarto, sai ƙaramin kifi, kuma yakan datse zare in ba a ƙarfafa bakinsa da waya ba. Da farkon damina, in shinge ya tashi bayan ruwan sama, kifi kan taso sama yana cafkar wanda ya faɗa ruwa, masunci mai lura kuma ya canza abin sokawarsa a ranar.

Irin wannan lura ce ta haifar da wata sana'a a arewacin Ingila. Masu kamun kifin tirawut, wanda ba ya rayuwa sai a ruwa mai sanyi, sukan naɗa zaren siliki a jikin ƙugiya, su zagaya ta da gashin tsuntsu mai laushi, irin na dangin fakara, ta yadda zai riƙa motsi a ruwa kamar ƙwaron da ya nitse. Wani marubuci, T. E. Pritt, ya tattara irin waɗannan ɗaure-ɗaure na yankin Yorkshire a littafinsa na 1885. Ruwan can garau yake, kifi da ido yake ci. Jan ruwan Kaduna na damina ya fi karɓar abu mai ƙanshi.

Mamari dabam yake. Doguwar igiya ce da aka jera wa ƙugiyoyi masu yawa kusa da juna, ba a soka musu komai. Ana shimfiɗa ta kusa da ƙasan ruwa da yamma, a danne da duwatsu, a duba da asuba. Kifin da ya gifta sai ƙugiya ta kama shi a jiki. Ɗaurinsa na cin lokaci, warware shi in ya harɗe ya fi ci, shi ya sa ake jera ƙugiyoyin bi da bi a jikin itace bayan an gama.

Kamun kifi sana'ar gado ce. Yaro yakan fara da fatsa a gefe kafin a yarda ya shiga kwale-kwale, kuma a gidajen Sarkawa, waɗanda asalinsu ke komawa ƙasar Kabi, ana gadar har da sanin cire ƙayar kifi daga maƙogwaron wanda ta maƙale wa.