AWON DANTSEN YARO: ABIN DA KOWANE MANOMI YA KAMATA YA SANI

Ya kai manomi, idan ka girbe amfanin gonarka kakan ƙirga dammuna, ka auna wake da gyaɗa da tiya, don ka san ko damina ta yi kyau. To, akwai wani awon da ya fi wannan muhimmanci, shi ne awon yaranka ƙanana. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa a Jihar Jigawa, cikin yara 10 'yan ƙasa da shekara 5, fiye da 6 tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Wannan tsumburewa ce, kuma babban dalilinta rashin abinci mai gina jiki ne.

MENE NE TAMOWA?

Yaro yana iya cika cikinsa da tuwo ko kunun gero kullum, amma tamowa ta kama shi. Hatsi yana ba da ƙarfi ne, amma wake, gyaɗa, ƙwai, nono, kifi da ganye su ne ke gina tsoka da jini. A nan Kwandiko da kewaye abin ya fi tsanani daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, ga zazzaɓi da gudawa. 'Ya'yan Fulani a ruga ma ba su tsira ba, musamman da rani idan nonon shanu ya ja baya.

YADDA AKE AWO

Ana amfani da ɗan tef mai launi uku, wanda za ka gani a asibiti ko wajen ma'aikacin lafiya. Awon na yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5.

1. A sami tsakiyar dantsen hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu.
2. Yaro ya saki hannunsa. A naɗa tef, kada a matse, kada kuma ya yi sako-sako.
3. A duba launin da ya fito.

Kore (santimita 12.5 ko fiye): lafiya lau, a ci gaba da kula.
Ruwan ɗorawa (11.5 zuwa 12.5): yaro ya fara ramewa, a ƙara masa abinci, a kai shi a duba.
Ja (ƙasa da 11.5): haɗari ne. A kai shi asibiti ran nan, kada a jira ranar kasuwa.

Haka kuma a danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, a ƙirga uku a hankali. Idan ramin ya zauna, kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba. Shi ma sai asibiti, ko da tef ya nuna kore. A maimaita awon kowane wata.

MAGANIN YANA GONARKA

Kafin ka kai wake da gyaɗa kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu, fara ware na gida wanda zai kai ku kaka mai zuwa. Wanda ya sayar duka da kaka, shi zai sayo da tsada a watan Agusta. Zuba wake a buhu mai ciki uku, ka ɗaure kowane ciki tam. Ƙwaro zai mutu ba tare da magani ba.

Ga haɗin kunu: gero ko dawa gwangwani 6, waken suya 3, gyaɗa 1. A tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar. A soya kowanne daban, a haɗa a niƙa. Uwargida ta dama shi da kauri, ta sa ɗan mai.

Shuka zogale a bayan gida. Shanya ganyensa da na kuka a inuwa. Kada ƙwai ya tafi kasuwa duka, a bar wa yara. Jariri kuwa nonon uwa kaɗai har wata 6, ba ruwa.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.